Kuɗin Karo-karo da Kwalbar Giya: Nazarin Wani Bikin Ɗalibai a Dang

Dang na nan kimanin kilomita 15 arewa da Ngaundere a ƙasar Kamaru, a bakin babbar hanyar Garwa wadda tirelolin Chadi ke bi dare da rana. Nan jami'a take, kuma tun da ta zama cikakkiyar jami'a a 1993 ƙauyen ya koma na ɗalibai: gidajen haya masu ɗakuna a jere da ake kira minisite, shagunan fotokofi, masu tuyar ƙosai, 'yan moto, da mashaya nan da can. Ɗaliban kuwa daga ko'ina suke. Akwai Fulani da Hausawa da Mbum da Gbaya na nan Adamawa, akwai Tupuri da Mundang da Masa daga can sama, akwai 'yan kudu da jirgin ƙasa ke saukewa daga Yawunde, ga kuma 'yan Chadi masu yawan gaske. A aji kowa da kowa benci ɗaya ne. Bambanci ba ya fitowa sai ranar da aka ce za a yi biki.

Bikin da nake magana a kai shi ne farenaj. Al'ada ce a jami'o'in Kamaru: ƙungiyar ɗaliban kowane sashe ta ware dare guda a farkon shekarar karatu, a haɗa kowane sabon ɗalibi da wani tsoho da zai zame masa uban ɗaki ko uwar ɗaki. Wanda bai yi jami'a a nan ba zai ɗauka wasa ne. To daga hannun wannan uban ɗaki ne sabo ke samun tsofaffin takardun jarrabawa, da kwafin darussan bara, da labarin malamin da ba ya yafe latti, wani lokaci har ɗakin haya mai sauƙi, daga baya kuma hanyar samun wurin koyon aiki. Wanda ya rasa daren, shi kaɗai zai yi ta laluben shekararsa ta farko.

Abin ya faru a ƙungiyar sashenmu, shekara biyu a jere. A ta farko ina aji biyu, ɗan kallo ne ni. A ta biyu ni ne ma'aji.

Daren farko

Kowa ya ba da sefa 3,000. Kwamitin lokacin ya samu wani mai mashaya da ke da babban zaure a baya, ya ce ya ba su zauren kyauta har da kujeru da kayan kiɗa, sharaɗinsa ɗaya ne: duk abin da za a sha, a wurinsa za a saya. Kwamiti ya ga banza ta faɗi. Aka ɗora wa kowane tikiti kwalba biyu, giya ko lemo, zaɓi ya rage naka, aka yi odar kaziye 20 na giya da 5 na lemo. Kaziye shi ne akwatin robar nan mai cin manyan kwalabe 12.

A takarda babu wanda aka zalunta. A zaure kuwa lemon bai daɗe ba ya ƙare, domin masu shigowa da wiskin leda a aljihu da shi suke sirkawa. Wanda ba ya sha, in ya makara, sai ya riƙe tikitinsa yana kallon kwalaben giyar da kuɗinsa ya saya.

Lokaci ya fi wannan muni. An rubuta ƙarfe 7 a takardar gayyata, ba a fara ba sai wajen 10. Aka yi jawabai, aka yi rawa, aka yi gasar sarauniyar kyau, sai bayan 12 aka zo kan abin da ya tara mutane. A lokacin 'yan gari masu kwana gidan iyayensu a Unguwar Hausawa da Sabongari sun daɗe da tafiya, haka ma duk wanda zaman ya ishe shi. Mai gabatarwa ya kira suna, shiru, wani ya yi ihu daga baya cewa ya tafi sallar asuba, zaure ya kwashe da dariya, a wuce na gaba. Sababbi fiye da ashirin suka tashi ba su da kowa.

Abu biyu na gani da idona a daren. Wata yarinya 'yar unguwarmu, sabuwar shiga, tana zaune a gefen ƙofa da kwalbar lemon Top a hannu tana jiran a kira sunanta, wanta kuma na waje kan babur yana jiranta. Wani ya zo wucewa yana tangaɗi, kwalbarsa ta tuntsure mata a kafaɗa. Bai yi da gangan ba, har haƙuri ya tsaya yana bayarwa. Amma hijabin ya riga ya jiƙe, kuma da wannan warin ta shiga gidan ubanta. Daga ranar Alhaji ya ce makaranta kawai, daga aji sai gida.

Na biyu wani yaro ne ɗan aji ɗaya da manya suka sa a gaba, ana tafi ana kiran sunansa, sai ya shanye kwalba a tashi ɗaya, a miƙo wata. Da asuba masu zuwa masallaci suka tsince shi kwance bakin kwata a bayan zauren, da 'yar riga mai gajeren hannu. Ngaundere tudu ce, ta haura mita 1,000 a kan teku, kuma wanda ya san sanyin Disamba a nan ya san abin da kwana a waje ke nufi. Allah ya yi da sauran kwanansa.

Littafin ma'aji

Da shekara ta zagayo aka ba ni ma'aji. Babu mai son kujerar, sai wani ya ce a ba Bahaushe, su suka san riƙon kuɗi. Na karɓa ina dariya, ban san abin da ke jirana ba.

Makon farko na karɓar kuɗi na gane inda gizo ke saƙa. Na tari wani ƙanena a karatu, ɗan Garwa, ya ce min: "Yaya, in don kai ne ga dubu uku ka sha shayi. Amma sisina ba zai shiga asusun da za a sayi giya da shi ba." Bai tsaya yi min wa'azi ba, don ya san abin da ya sani na sani. Hadisin da ya ambaci mutum goma game da giya bai tsaya kan mai sha ba, ya haɗa da mai saye da mai sayarwa da mai ɗauka da mai zubawa. Wani hadisin kuma ya hana zama a teburin da ake zagayawa da ita. Kwamitin bara ya ɗauka matsalar Musulmi ita ce me zai sa a baki, shi ya sa ya ga kaziye biyar na lemo sun wadatar. Mu kuwa tun daga aljihu maganar ta fara, ta bi ta kan kujera, kafin ta zo baki.

A zaman kwamiti na farko na miƙe na ce a yi biki babu giya ko ɗigo. Har alƙaluma na tanada: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 mutum miliyan 2.6 suka mutu ta dalilin barasa, kuma a tsakanin 'yan shekara 20 zuwa 39 abin ya fi tsanani. Ko gezau babu wanda ya yi. Shugabanmu, wani Batupuri mai sanyin hali, ya bari na gama, sannan ya ce mahaifiyarsa bilbil take dafawa, wato burukutun dawa, kuma da kuɗin tukunyar nan aka biya masa makaranta tun daga firamare. A garinsu da ita ake gayyar noma, da ita ake zaman makoki, da ita ake karɓar baƙo. Ya ce: "Ɗan'uwa, in ka ce min ƙazanta ce, ka san wa ka zaga." Ban ce ƙazanta ba, amma na gane haka maganata ta sauka a kunnensa.

Daga baya na yarda cewa shawarata ba za ta yi aiki ba ko da an bi ta. Masu sha da sun sha a ɗakunansu kafin su zo, da wiskin leda wanda ya fi giyar kwalba ƙarfi nesa ba kusa ba, su iso a buge tun ƙarfe 7, kuma duk shekara a riƙa cewa Musulmi sun kashe biki. Wani ya kawo shawarar a yi biki biyu, na masu sha daban, na marasa sha daban. Wannan ta fi tawa lalacewa, don ma'anarta Bahaushe ya zama uban ɗakin Bahaushe, ɗan kudu na ɗan kudu, alhali amfanin farenaj ɗin kenan ya haɗa ka da wanda ba za ka taɓa shiga ɗakinsa ba.

Abin da ya sauya zancen wata 'yar dabara ce ta sakatariyarmu. Ta yanka takardu ƙanana ta raba a azuzuwa uku, babu suna, tambaya biyu kawai: kana sha ko ba ka sha, kuma ƙarfe nawa ya zama dole ka bar wurin. Da muka zube su a tebur muka ƙirga, marasa sha sun kusa rabi, sun fi yawan Musulmin sashen sosai. Akwai 'yan cocin Asabar, akwai 'yan majami'un farkawa da ba sa kusantar giya, wani ya rubuta cewa likita ya hana shi saboda ciwon hanta, wani gyambon ciki, wasu 'yan ƙwallo ne. 'Yan mata da yawa kuma, masu sha da marasa sha, sun rubuta ƙarfe 9, don ba mai son hawa babur ɗin wanda ba ta sani ba da tsakar dare a hanyar tirela. Daga wannan zama babu wanda ya sake cewa rigimar Hausawa ce.

Abin da muka tsayar

Na farko kuɗi. Asusun ƙungiya ba zai sayi giya ba. Sefa 3,000 ɗin na nan yadda take, amma za ta tafi kan zaure da abinci da abin sha marar sa maye da kiɗa da sufuri. Mai son giya ya saya da aljihunsa a hannun mai sayarwa, tsakaninsu. Wannan ya sa muka rasa zauren kyauta, domin kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, muka kama hayar wani zauren taro mai fili a baya. Abin da da ya tafi kan kaziye 20 shi ya biya haya ya ƙara nama.

Na biyu lokaci, kuma a ganina shi ne ƙashin bayan komai. A fara bayan la'asar, a dakata da magariba, a ci abinci, a gama haɗa sababbi da iyayen ɗakinsu kafin 9. Mai giya ba zai buɗe akwatinsa ba sai bayan nan, a filin baya, giyar kwalba kawai, babu wiski, babu arki (barasar gargajiya mai ƙarfi), babu gasar shanyewa.

Dokar giyar kwalba kawai ba daga kaina ta fito ba. Shugaba ya gayyato wani abokinsa ɗan makarantar ENSAI, inda ake koyon sarrafa abinci da abin sha, ya yi mana lissafi a allo. Babbar kwalbar da ake sayarwa a nan santilita 65 ce, ƙarfinta wajen kashi 5 cikin ɗari, wato barasa zalla kimanin giram 25. Hantar babban mutum ba ta iya narkar da fiye da giram 7 zuwa 10 a awa. Kwalba ɗaya kenan tana neman kusan awa uku kafin ta fita daga jini, kuma babu abin da ke gaggauta hanta, ba kofi ba, ba wanka da ruwan sanyi ba, ba rawa ba. Abinci a ciki yana rage saurin shigarta jini, shi ya sa ya ce a ciyar kafin a buɗe. Ya kuma bayyana abin da ya kusa kashe yaron bara: barasa na buɗe jijiyoyin fata, mutum ya ji ɗumi alhali zafin jikinsa fita yake yi. Masu shan cikinmu sun fi mu yin tsit, don yawancinsu ba su taɓa jin lissafin ba.

Nama bai ɗauke mu minti biyar ba. Wani ya ambaci gasasshen alade, aka kalle shi, ya janye. Muka yi magana da wani mai tsire da kowa ya sani.

Inda aka kusa ɓatawa shi ne masu tsaro. Muna son mutum shida da za su zauna garau har a tashi, su kula da ƙofa da wanda ya wuce gona da iri. Nan take aka ce ai abu mai sauƙi ne, a ba marasa sha. Na ƙi. In aka yi haka, mun fito daga masu biya wa wasu giya mun koma masu gadinsu da kwashe amansu. Bayan doguwar muhawara aka tsaya kan uku daga marasa sha da suka yarda da kansu, uku daga masu sha da za su haƙura a daren. Shugaba ne ya fara ɗaga hannu. Ɗaukar kaziye kuwa aikin mai sayarwa ne da yaransa.

Saura sufuri. Mun yi ciniki da 'yan moto biyar da muka sani, a biya su tun da rana su tsaya har ƙarshe. Sai ƙanen nan nawa ɗan Garwa ya sake tare ni: kuɗinsa ne za a kai mashayi gida da shi? Tambayar ta tsaya min, na kai ta wurin wani malami a unguwarmu bayan sallar isha'i. Ya ce kai mutum gida lafiya ba sayen giya ba ne, kuma rai rai ne. Har na miƙe ya ƙara da cewa: "Amma kada ka je ka ce Malam ya halatta maka zama a cikinsu." Na ce to, Allah gafarta Malam.

Kwana uku kafin biki ni da sakatariya muka je gaida Alhaji, mahaifin yarinyar nan. Muka durƙusa a zaure, na yi bayani tun daga asusu har zuwa lokaci. Ya saurara yana jan carbi, bai tambayi komai game da asusu ba. Ya ce: "Ƙarfe nawa za ta shigo gidan nan?" Na ce kafin tara da rabi, Baba, in sha Allah. Ya ce wanta zai kai ta, kuma zai tsaya a ciki, ba a waje ba.

Daren biyu

Ba mu fara ƙarfe 4 ba, sai biyar da kusan rabi, don masu kiɗa sun makara. Dole muka yanke jawabai biyu, masu su kuma ba su yafe min ba har yau. Da magariba aka shimfiɗa tabarmi a gefen zauren, masu salla suka yi, sauran suka fara layin abinci.

Abin sha mun ba shi muhimmanci da gaske. Zoɓo, wanda a nan muke kira folere, da citta da abarba, cike da manyan robobi biyu da ƙanƙara. Kunun gyaɗa mai zafi. Kindirmo daga wurin wata Bafulatana da ke kawowa Dang kullum. 'Yan Chadi suka kafa gawayi a bakin ƙofa suna zuba shayi a ƙananan kofuna. Mun sayi lemon kwalba ma, har da Malta, ko da yake wasu namu ba sa taɓa ta saboda sunan kamfanin giya da ke jikin kwalbar, duk da babu barasa a ciki. Kuskuren bara dai mun maimaita shi ta wata fuska: mun auna folere da yawan marasa sha, ashe kowa zai sha. Kafin 8 robobin sun koma ƙanƙara zalla.

Ƙwarya biyu aka ajiye a tebur, ɗaya sunayen sababbi, ɗaya na tsofaffi, wani yaro yana zaro ɗaya nan ɗaya can. Duk sunan da aka kira, mai shi na wurin. Yarinyar unguwarmu, wadda yanzu take aji biyu, ta fito a uwar ɗakin wata 'yar Bafusam, can kudu, da ko gaisuwar Fulatanci ba ta iya ba tukuna. Ta miƙa mata damin kwafin darussa ɗaure da roba, wanda ita ba wanda ya ba ta bara. Ƙarfe 9 saura kwata wanta ya tada babur.

Sai aka buɗe filin baya, zaure ya zube kusan rabi cikin minti goma. Shugaba ya zo inda nake ya tsaya yana kallon masu fita, ya ce: "Kun tafi kun bar mu kamar masu laifi." Ban sami abin ce masa ba. Ni ban tafi ba, tunda sai na sallami 'yan moto da masu kiɗa, amma a bakin ƙofar waje na zauna wurin masu shayi har ƙarfe 1.

An kama wiskin leda a cikin safa sau biyu, an kuma san wasu sun wuce. Wajen 11 wani ya faɗi. Abokansa suka ɗebo ruwa za su sheƙa masa, wani na kiran a kawo kofi. Mai tsaro ya hana, ya kwantar da shi ta gefe don kada amai ya shaƙe shi, ya lulluɓe shi da bargo, ya zauna kusa da shi yana duba numfashinsa, da sharaɗin in ya daina amsawa a wuce da shi asibiti. Bai kai ga haka ba. Mai giya ya yi ƙorafin ciniki bai kai yadda ya zata ba, ya ce baɗi a nemi wani. Mutum ya fi auna kwalba in daga aljihunsa take fita.

Abin da bai warware ba

Wasu 'yan'uwa Musulmi ba su zo ba duk da haka, suka ce wuri ɗaya ne, dare ɗaya ne, canjin awa bai canja komai ba. Ɗaya ya daina gaishe ni na ɗan lokaci. Ta ɗaya ɓangaren wasu suka ce mun mai da farenaj taron suna. Waɗannan duk na zata.

Wanda ban zata ba shi ne abin da ƙarfe 9 ya tona. Bara cunkoso ya rufa wa kowa asiri. Bana tsayawa bayan 9 ya zama kamar shela. Akwai 'ya'yan Musulmi da ke sha a ɓoye, kowa ya sani ba a dai faɗa. Waɗannan suka fita tare da mu don kada a gan su, suka zarce wata mashaya can cikin lungu inda babu mai tsaro, babu ɗan moto da aka biya, babu mai hana wiskin leda. Ɗaya daga cikinsu ya zo aji ranar Litinin da gwiwa a ɗaure, ya ce santsi ne. Tsarin da muka yi don kare mutane ya tura waɗanda suka fi buƙatar kariya waje, kuma har na sauka ban samo maganin wannan ba. Su ma 'yan coci marasa sha sun yi ƙorafi mai ma'ana: rawa suke so, mu kuwa mun tura rawar duka bayan 9, cikin masu kwalba.

Da na zo miƙa littafi ga sabuwar ma'aji, wata 'yar aji biyu daga Marwa, ragowar asusu sefa 11,500 ne. Ta bi shafukan da yatsa, ta ce su za su jawo rawa ta fara tun bayan abinci, kuma tana tunanin a bar shayi da tsire a zauren gaba har a tashi, don wanda ya tsaya kada a san don me ya tsaya. Sannan ta tsaya kan layin folere, ta ciro biro ta soke roba biyu ta rubuta huɗu.